Maganin Indiya da Abincin Gidanmu

A babbar kasuwar Garwa, da kasuwar Pitoa ranar Lahadi, har da bakin titi a nan Poumpoumré, za ku ga masu talla da ƙulle-ƙulle da ƙananan kwalabe waɗanda suke kira "maganin Indiya". Akwai garin kurkum, akwai hulba, akwai ƙwayar zogale, akwai man dogon yaro. Suna cewa ƙulli ɗaya yana maganin hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa da ramar yara. Mutum yakan sayar da kwanon wake biyu ko uku ya sayi ƙulli ɗaya, ya koma gida da murna, alhali waken da ya sayar shi ne abin da jikin ɗansa yake nema.

Mutanen Indiya suna da hikimar abinci ƙwarai, kuma akwai abin koyo a wurinsu. Amma abin da ya riƙe talakawansu shekara da shekaru yana cikin tukunya, kuma kusan dukansa muna da shi a rumbu. A karanta wannan darasi a zumuntar mata da wurin jiran awo. Maza ma su saurara, domin mabuɗin rumbu a hannunsu yake.

Abincinmu da nasu dangi ne

Gero da dawa da wake 'yan asalin Afirka ne. Daga nan aka kai su Indiya tun dubban shekaru da suka wuce, suka karɓi ƙasar, har yau babu ƙasar da ta kai Indiya noman gero a duniya. Tsamiya ma tamu ce. Ta daɗe a can sosai har Larabawa suka sa mata suna "dabinon Indiya". Su kuma suka ba mu zogale da mangwaro da kurkum, wanda waɗansu ke kira gangamau. Dogon yaron da yake ba mu inuwa a titunan Garwa da Marwa, wanda Fulani ke kira gannye, daga can aka kawo shi a zamanin Turawan mulkin mallaka. Manoma da yawa sun san irin dawar nan S-35 mai saurin nuna, wadda aka yaɗa a arewacin Kamaru a shekarun 1980. Asalinta daga cibiyar binciken noma ta ICRISAT ne, wadda aka kafa kusa da birnin Hyderabad a 1972.

Saboda haka manomin Indiya mai zama a busasshiyar ƙasa irin tamu yana cin abin da muke ci. Bambancin da ya kamata mu lura da shi ɗaya ne: da wuya ya ci hatsi shi kaɗai. Kowace rana akwai romon wake a gefe, wanda suke kira dal. In yaro ya isa fara cin abinci, ko wani ya tashi daga ciwo, sai a dafa masa shinkafa da ɓarzajjen wake tare har su yi laushi, a zuba ɗan man shanu.

Me ya sa hatsi kaɗai ba ya isa

Tuwo da kunu suna ba da ƙarfin aiki, kamar yadda itace yake ba da wuta. Amma jikin yaro gini ake yi masa, gini kuwa yana bukatar tubali. Sinadarin gina jiki yana cikin hatsi, sai dai bai cika ba. Abin da ya rasa yana cikin wake da waken suya, abin da wake ya rasa kuma yana cikin hatsi. In an haɗa su a kwano ɗaya, sai su cika juna. Kakanninmu sun san wannan ko da ba su san sunansa ba. Su ne suka bar mana ƙosai da kunu, da ɗanwake, da dafa-duka, da miyar gyaɗa, da daddawa a cikin miyar kuka. Laifin zamaninmu shi ne wake da gyaɗa sun zama kayan kuɗi. Ana kai su kasuwa tun da kaka, sai a bar gida da tsabar hatsi. Kafin damina ta yi nisa yara sun fara ramewa.

Maigida, kafin ka ɗaure bakin buhu, ka ware na gida. In akwai mai ciki, ko mai shayarwa, ko yaron da bai kai shekara biyu ba, rabonsu ne na farko. Kada ka ce wake ba ya ajiyuwa saboda ƙwari. Dabarar buhu mai riɓi uku, wato leda biyu masu kauri a cikin buhu ɗaya, a nan arewacin Kamaru aka fara gwada ta, a aikin haɗin gwiwa tsakanin masu binciken noma na Marwa da Jami'ar Purdue ta Amurka. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwari za su mutu don rashin iska, ba tare da an zuba guba ko kaɗan ba. Wanda ba shi da irin wannan buhu ya cakuɗa wake da tokar da aka tankaɗe, awo ɗaya da awo ɗaya, a cikin tulu, ya rufe samansa da toka. Kada a zuba maganin feshin auduga a kan abin da za a ci.

Kunun yaro

Wata shida na farko nonon uwa kaɗai ya isa. Ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu, ko da a zafin watan Afrilu. In jariri yana jin ƙishi a ƙara ba shi nono, uwar kuma ta sha ruwa sosai.

Daga wata shida ne wahala take farawa. Cikin yaro ƙarami ne, bai wuce kofi ɗaya ba. Uwa takan dama kunu ta tsinka shi da ruwa don ya wuce maƙogwaro da sauƙi. Yaro ya sha, cikinsa ya cika, ya yi barci. Uwa ta ce ya ƙoshi, amma yawancin abin da ya sha ruwa ne. A haka yaro yake ramewa a gidan da ba a taɓa kwana da yunwa ba.

Ga garin da ya dace. A auni gero ko dawa ko masara awo uku, wake ko waken suya awo ɗaya. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne sama-sama har ya yi ƙamshi. A ɓarza waken a sheƙe ɓawon, sa'an nan a niƙa su tare. A ajiye a mazubi mai murfi. In za a dama, a dafa shi sosai, a yi shi da kauri yadda in an karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. A sa ƙaramin cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa ko mai, da ɗan garin zogale ko garin busasshen kifi. Kifin Binuwai da na Lagdo, ƙananan nan da ake rainawa, in an daka su har da ƙayarsu aka tankaɗe, abinci ne babba ga ƙashin yaro. Ƙwai ɗaya da aka dafa sosai shi ma haka. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe.

Uwaye za su ce yaro ba ya iya haɗiye kunu mai kauri. A nan ne za mu ari dabarar da masana abinci na jami'ar Baroda a Indiya suka yaɗa a shekarun 1980, wato garin tsiro. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Masu dafa bilbil da tsiron dawa suke aiki, masu kunun zaƙi ma waɗansu da tsiron shinkafa suke zaƙaƙa shi. Abin da ake ɓata hatsi da shi a gidan giya, shi ne zai ceci yaro a gidanku.

A jiƙa gero ko masara kofi ɗaya ya kwana. A tsane, a shimfiɗa a kan tsabtataccen zane mai laima, a rufe, a ajiye a inuwa kwana biyu zuwa uku ana yayyafa ruwa, har ya tsira. A shanya a rana ya bushe ƙayau. A murje shi a tafin hannu, a sheƙe saiwar da tohon duka, sa'an nan a niƙa. In kunu mai kauri ya dahu, a sauke ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin, a juya. Cikin 'yan mintoci za ku ga kunun ya saki ya yi ruwa-ruwa, ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Duk abincin yana nan, kaurin ne kawai ya tafi. A mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro. Wannan tafasa ta biyu dole ce. Gero da masara sun fi dawa dacewa da wannan aiki, domin tohon dawa yana da guba. Makiyaya sun san yadda ƙaramar karar dawa take kashe dabba. In dawa kaɗai ke gare ku, ku tabbata an cire toho da saiwa sarai. Tsiron da ya yi fumfuna a zubar.

Yaron wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 ya ci sau uku ko huɗu. Daga shekara ɗaya ya ci abincin gida sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko mangwaro ko ƙosai. A ba shi kwanonsa dabam. In an haɗa shi da yayyensa, mai saurin hannu ne zai ƙoshi. A ci gaba da ba shi nono har shekara biyu. Kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya.

Gyaɗa tana da sharaɗi ɗaya. Wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, tana ɗauke da gubar fumfuna mai lalata hanta da hana yaro girma. Suya ba ta kashe gubar, tafasa ma ba ta kashe ta. A tsince a zubar. Mun san a gidaje da yawa ana sayar da mai kyau, a niƙa tsintuwar don miyar gida. Ku juya abin. Haka ma masarar da ta sha laima.

Ganye da abin tsami

Zogale, wanda Fulanin nan ke kira giligannja, ana sa shi a ƙwaya a sayar muku da tsada, alhali yana tsaye a jikin danga. Ganyensa yana da bitamin A mai kare ido daga dundumi, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin gina ƙashi. A shanya shi a inuwa, domin rana tana cinye amfaninsa. A daka, a tankaɗe, a sa a miya dab da saukewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi kowace ƙwaya. Ganyen ne abinci. Saiwa da ɓawon itacen kuwa mai ciki ta nisance su. Kuka da yakuwa da rama da tafasa da ganyen wake duk suna yin irin wannan aiki, kuma ɗan mai a cikin miya yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A. Tun 2011 dokar Kamaru ta wajabta ƙara bitamin A a man girkin masana'anta, da sinadarin ƙarfe a garin alkama. Ku duba alamar a jikin kwalba.

Mutanen Indiya sukan matsa lemun tsami a kan romon wake. Wannan al'ada tana da amfani, domin bitamin C yana sa jiki ya sha sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Lemun tsami da gwaba da tumatir da garin 'ya'yan kuka duk suna da shi. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Mai ciki da mai ƙarancin jini su bar sa'a ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Duk da haka abinci bai maye gurbin ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ba. A sha ta kullum, ko da bayan gida ya yi baƙi. Hakan ba illa ba ne.

Tsamiya tana buɗe wa marar lafiya bakin cin abinci, tana kuma sassauta ciki in ya ɗaure. Don haka kada a ba mai gudawa ita. Soborodo, wato follere, in ba a cika masa sukari ba, yana ɗan sauko da hawan jini. Kalmar "ɗan" ita ce muhimmiya. Wanda ya ajiye ƙwayarsa ya koma follere kaɗai yana sayen shanyewar ɓarin jiki.

Gishiri da sukari

A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a sansanin Bangaon a Indiya. Ruwan da ake ƙara wa mutum ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a cikin ruwa mai tsabta, dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Da farko kusan mutum 30 cikin 100 ne suke mutuwa. Bayan haka suka koma ƙasa da 4. A cikin dukan abin da duniya ta koya daga Indiya a kan lafiya, wannan yana cikin waɗanda suka fi ceton rai, kuma kayan haɗinsa suna kan kantar kowane mai shago.

Gudawa tana kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. Mafi kyau shi ne ƙullin asibiti da aka rubuta SRO a jikinsa, a zuba shi duka a lita ɗaya ta ruwa. In babu shi a kusa, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gishiri in ya yi yawa haɗari ne ga yaro. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara biyu ba ya sha rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka ya sha rabi zuwa kofi ɗaya, da cokali, a hankali. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Kada a daina nono, kada a hana abinci. A karɓi ƙwayar zinki a asibiti, a ba shi kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya.

Gishirin girki ya zama mai aidin, wanda yake hana maƙoƙo, yake kuma taimakon ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. A rufe shi, a ajiye nesa da murhu. Amma kaɗan ya isa. Dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne, mai hawan jini ya lissafa shi. Daddawa da albasa da tafarnuwa za su ba miya daɗi ba tare da shi ba.

Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Ɗan ƙanƙani don wake ya yi laushi ba laifi, ko da yake jiƙa wake ya kwana ya fi. Matsalar tana wurin masu jego. A shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon wuta. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki ta kasa. Iyaye mata da surukai, ku ba mai jego kunun gyaɗa da romo da miyar ganye. In ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kawo ta a ranar.

Kayan yaji

Su ne aka fi yi wa talla, su ne kuma za mu fi gajarta magana a kansu. Citta tana rage tashin zuciya, har ga mai ƙaramin ciki, in an jiƙa ɗan yanki a ruwan zafi. Kanumfari yana lafar da ciwon haƙori na ɗan lokaci, amma ramin yana nan sai an gyara. Kurkum yana ba abinci launi da ƙamshi, ba laifi a ci shi kullum a miya. Ba ya maganin shawara, ko da launinsu ya zo ɗaya. Wanda idonsa ya yi rawaya yana bukatar gwajin jini. An kuma kama garin kurkum da aka rina da sinadarin dalma a Bangladesh da Indiya don ya ƙara kyau, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ku sayi saiwar ku daka da kanku. Hulba tana iya sauko da sukarin jini, saboda haka mai shan maganin sukari ya gaya wa likita kafin ya fara, mai ciki kuma ta bar ta. Tafarnuwa a ci ta a abinci, kada a ɗaura ta a fata, tana ƙonewa.

Dogon yaro asuwakinsa yana da kyau, ganyensa yana korar ƙwari daga rumbu. Mansa kuwa kada a ɗura wa yaro ko ɗigo ɗaya. A Indiya kanta likitoci sun rubuta labarin jariran da suka yi farfaɗiya suka suma, waɗansu suka mutu, bayan an ba su shi. Jiƙon ganyensa ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Kwanakin da aka ɓata ana jiƙo su ne suke cinye jinin yaro.

Lokacin da abincin gida bai isa ba

Ku kawo yaro asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba in ya kasa shan nono ko ruwa, in yana amai da duk abin da ya sha, in akwai jini a bayan gidansa, in idanunsa sun faɗa ko maɗigarsa ta lotsa, in ya yi farfaɗiya, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Zazzaɓi kowane iri a yi masa gwaji cikin kwana ɗaya.

Ga tamowa kuwa akwai gwaji biyu da za ku iya yi a gida. Ku danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, ku ƙirga uku, ku ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Na biyu shi ne tsirin awon dantse mai launi uku, na yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, kunun gida ya riga ya makara, yaro yana bukatar abincin magani na asibiti. Shi ma da gyaɗa da madara da sukari da mai aka yi shi, amma an auna shi don wannan yaron kaɗai. Kada a raba shi da 'yan'uwansa, kada a sayar. In ya nuna rawaya, ku zo a auna shi a duba ko akwai wani ciwo, sa'an nan ku fara kunun da aka bayyana a sama tun daga ranar. Shugabar zumuntar mata ta nemi tsiri ɗaya wurin ma'aikatan awo, a riƙa auna yaran ikkilisiya da na maƙwabta sau ɗaya a wata bayan an tashi sujada.